Daga gulab jamun zuwa gullisuwa: zaƙin da waya ta shigo da shi Mararaban Rido

Duk wanda ya bar cikin garin Kaduna ya nufi Kachia, da zarar ya wuce matatar mai sai ya iso Mararaban Rido. Nan ne hanyar ƙauyen Rido ta haɗu da babban titin da ke ratsa Kujama, ya bi ta Kachia da Zonkwa har ya dangana da Kafanchan. Gari ne na ƙaramar hukumar Chikun, ƙasar Gbagyi tun asali, amma tun da aka buɗe matatar a 1980 mutane ke ta kwararowa, har ya zama da wuya ka rasa jin harsuna uku ko huɗu a layi ɗaya, Hausa kuwa ita ce ta ciniki. Da la'asar bakin titi ya cika: masu gasa masara, masu rake, masu doya, da yara ɗauke da robobi masu murfi, ciki an jera kantun riɗi da alewar gyaɗa da tuwon madara a ƙananan ledoji.

A wani gida da ke bayan titin nan na fara ganin an soya gulab jamun. 'Yar yayata ce ta jingina wayarta da gwangwanin madara, tana kallon wata mata 'yar Indiya tana mulmula ƙwallaye a tafin hannu. Ba ta jin harshen matar, hannunta kawai take bi da ido. Kaskon farko bai yi ba: waje ya yi baƙi, ciki ɗanye. Gwaggonmu, wadda ta haura saba'in, tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta miƙa hannu a ba ta ɗaya, ta fasa, ta shinshina, sannan ta ce: “'Yar nan, rage wutar. Ai wannan gullisuwa ce aka tsoma a ruwan alkaki.” Aka rage wuta, kasko na biyu ya fito jawur, ya sha ruwan sukari ya kumbura.

Maganar gwaggo ce ta sa na shiga bin diddigin wannan lamari. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙasar Indiya ba ta gane abincinsu da hanci, ta kuma gyara kuskuren da bidiyo bai gyara ba. Ashe akwai dangantaka tsakanin tukunyarsu da tamu, kuma ashe akwai ilimi a hannun iyayenmu mata wanda har yanzu bai shiga wayar ba.

Indiya ba baƙuwa ba ce a Kaduna

Kafin intanet, Indiya ta daɗe da shigowa gidajenmu. Tun wajen shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya arewacin Najeriya, jama'a suka karɓe su hannu bibbiyu. Fim irin Mother India na 1957 ya yi shekaru ana maimaita shi, silima tana cika. A cikin finafinan nan ne da yawanmu muka fara ganin uwa tana cusa wa ɗanta wani ƙwallon zaƙi a baki ranar da ya ci jarrabawa, ko ana raba faranti a unguwa saboda an sa ranar aure. Ba mu san sunansa laddu ba, amma mun fahimci ma'anarsa, domin mu ma da zaƙi muke yin albishir.

Kaduna kuma tana da tata alaƙar ta musamman. Lokacin da aka kafa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA a 1964, hafsoshin Indiya ne suka taimaka aka ɗora harsashinta, kwamandanta na farko ma Birgediya M. R. Varma ne, ɗan Indiya. Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 suna tuna malaman lissafi da kimiyya 'yan Indiya da Pakistan da suka koyar a makarantun arewa. Daga baya tashar Zee World ta zo a 2015 da wasanninta masu dogon zango, masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa su ma suka cika kasuwa. Saboda haka a ranar da waya mai intanet ta shiga hannun matan gida, sunaye irin su jalebi da laddu da halwa sun riga sun zauna a kunne. Abin da ya rage shi ne a ga yadda ake yi, YouTube da TikTok da Facebook kuwa suka nuna.

Alewa da halwa uwarsu ɗaya

Zumuncin ya girmi silima nesa ba kusa ba, kuma shaidarsa tana bakinmu. Kalmar alewa daga Larabci ta fito, daga halawa, wato abu mai zaƙi. Wannan kalmar ce ta bi ta Farisa ta shiga Indiya ta zama halwa, har ana kiran mai sana'ar kayan zaƙi halwai, kamar yadda muke cewa mai alewa. Alkaki daga ka'ak na Larabawa yake, alkamar da ake yin sa da ita ma sunanta na Larabci ne. Ayarin raƙuma da ke ratsa Sahara daga Tarabulus da Gadamas zuwa Kano ba tufafi da littattafai kaɗai ya kawo ba, ya zo da dabarun sarrafa alkama da zuma, matan Kano da Katsina da Zazzau suka karɓa suka mayar nasu.

Shi kuwa sukari tafiyarsa ta fi haka nisa. A Indiya aka fara gano yadda za a dafa ruwan rake har ya daskare ya zama ƙwayoyi, shekaru sama da 1,500 da suka wuce. Da harshen Sanskirit ana ce masa sharkara, Farisawa suka ce shakar, Larabawa suka ce sukkar, Bahaushe ya ce sukari. Duk matar da ta ce a auno mata sukari a kasuwar Sabon Tasha, kalmar Indiya take furtawa wadda ta biyo ta hannun Larabawa.

Jalebi ma, wanda ake ɗauka ɗan asalin Indiya ne, baƙo ne a can. Littafin girki na Ibn Sayyar al-Warraƙ, wanda aka rubuta a Bagadaza a ƙarni na 10, ya kawo yadda ake yin zalabiya: ƙullu mai tsami da ake tsiyayawa a mai sannan a tsoma a zuma. Ita ce ta yi gabas ta zama jalebi. Sunan gulab jamun kansa rabi Farisanci ne: gul fure, ab ruwa, wato ruwan wardi, jamun kuma wani ɗan itace ne baƙi mai kama da ɗinya. Barfi daga barf yake, ƙanƙara da Farisanci, saboda farinsa. Kogi ɗaya ne ya rabu biyu, reshe ya yi gabas ya faɗa ƙasar madara da rake, reshe ya yi yamma ya faɗa ƙasar gero da gyaɗa da zuma.

Kowane ɗa da takwaransa

In aka jera farantin halwai kusa da tiren mai alewa, kusan kowane abu yana da ɗan'uwa.

Ɗauki tuwon madara. Ana dafa sukari da ruwa kaɗan har ya yi danƙo, a sauke wuta, a zuba madarar gari ana tuƙawa kamar tuwo, a juye a faranti da aka shafa wa mai, a daddanne, a yanka kafin ya huce. Wannan shi ne barfi, bambancin kawai 'yan Indiya sukan sa man shanu da wani ƙamshi da Larabawa ke kira hel, su barbaɗa ɗanyen fistak a sama. Barfi na asali kuma da khoa ake yin sa: ɗanyar madara da ake dafawa a buɗaɗɗen kasko ana juyawa na sa'o'i, har ruwan ya ƙone ya bar dunƙule, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka zuba.

Gullisuwa madarar gari ce da sukari da ɗan ruwa, a kwaɓa da tauri, a mulmula ƙanana, a soya har ta yi ja. Gulab jamun ma haka yake farawa, sai dai ba a sa sukari a kwaɓin, ana ƙara ɗan fulawa da ɗan abin tashi, kwaɓin kuma ya zama mai laushi, ba a murza shi da ƙarfi. Sirrinsa biyu ne. Na farko wuta ƙasa-ƙasa, yadda ƙwallon zai nutse ya taso da kansa yana juyawa. Na biyu ruwan sukarin ya kasance da ɗumi, bai tafasa ba bai kuma yi sanyi ba, a bar shi ciki ya yi sa'a biyu ko fiye. Mai alkaki ta san wannan ƙa'idar ba tare da an faɗa mata ba.

Alkaki shi ne sarkin kayan gara. Ana ɓarza alkama, a kwaɓa da mai da abin tsami, a rufe ya kwana, a sa ruwan kanwa a kashe tsamin, a murza a naɗe shi kamar igiya, a soya, a tsoma a zuma ko dafaffen sukari da aka matsa wa lemon tsami ko tsamiya. Lemon nan ba don ɗanɗano kaɗai ake sa shi ba, shi ke hana sukarin komawa gari bayan ya huce. Mai jalebi a Delhi ko Lahor shi ma yana kwanar da ƙullunsa ya yi tsami, yana kuma matsa lemo a ruwan sukarinsa saboda dalili ɗaya. Su suna gwada nunar sukari da yatsu biyu: in aka buɗe yatsun ya ja zare ɗaya, ya yi daidai da gulab jamun, in ya ja biyu, na barfi ne. Mu kuma mukan ɗiga a ruwan sanyi mu ga ko zai dunƙule.

Kantun riɗi da alewar gyaɗa su ne chikki, wanda ake yi da riɗi ko gyaɗa da gur. Gur kuwa mazarƙwaila ce ba wani abu ba: ruwan rake da aka dafa ya yi kauri aka zuba a mazubi ya daskare, irin wadda ake yi a yankin Maƙarfi. A tsakiyar Janairu, lokacin bikin Makar Sankranti, gidajen Indiya suna cika da ƙwallayen riɗi da gur, daidai lokacin da hunturu ke sa mu ma neman abin da zai ɗumama jiki. Nakiya, wadda ake yi da garin soyayyiyar shinkafa da man shanu da zuma da kayan yaji, a kirɓa a turmi har ta haɗe, 'yar'uwar laddu ce da pinni na Panjab, waɗanda su ma ake ba mai jego. Rasgulla kuma daga tsinkakkiyar madara ake yin ta: a tafasa, a matsa lemo, a tace a ƙyalle. Matan Fulani da ke tsinka madara da tumfafiya su fitar da wara sun riga sun yi rabin aikin.

Inda suka sha gabanmu

Idan dabarun ɗaya ne, me ya sa 'yar Mararaban Rido za ta sami bidiyon gulab jamun ɗari cikin minti ɗaya, amma ta sha wahala kafin ta sami cikakken bayanin nakiya mai awo?

Dalili na farko, 'yan Indiya sun ba kayansu suna da tarihi da gari. Mutanen Kolkata suna cewa Nobin Chandra Das ne ya fito da rasgulla mai laushi a 1868. Mutanen jihar Odisha suka ce tun kafin nan ake kai ta ɗakin bautar Jagannath da ke Puri. Gardamar ta kai gaban hukuma, aka ba Bengal ta Yamma shaidar mallakar irin tata a 2017, aka ba Odisha tata a 2019. Laddu na Tirupati ya sami irin wannan shaida tun 2009. Mysore pak, wanda ake yi da garin wake da man shanu da sukari, an san a fadar Mysore aka fara shi zamanin sarki Krishna Raja Wadiyar na Huɗu. Jihohi biyu sun yi jayayya a kan ƙwallon madara saboda sun san suna dukiya ne. Mu kuwa muna da alkaki da dublan da nakiya da dakuwa da iloka da carbin malam da hanjin ligido, kowanne da garin da ya fi iya shi, amma a baki kawai labarin yake.

Na biyu, madara. A 1946 manoman Anand a jihar Gujarat suka kafa ƙungiyar gama-kai da ta zama Amul. A 1970 aka ƙaddamar da babban shirin madara na ƙasa ƙarƙashin jagorancin Verghese Kurien, aka haɗa mai saniya ɗaya ko biyu da wurin tara madara da injin sanyaya ta. Yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa samar da madara a duniya. Shi ya sa halwai ke dafa ɗanyar madara, mu kuma muke auno ta gari da aka shigo da ita daga Turai da New Zealand, alhali shanu suna wucewa ta ƙofar gidanmu.

Na uku, sun ɗauki girkin uwa da daraja har suka kafa masa kyamara. Manjula Jain ta fara saka bidiyon girki a YouTube a 2006 daga ɗakin girkinta a Amurka. Nisha Madhulika ta fara rubuta girke-girke a 2007, ta koma bidiyo a 2011 tana da shekara sama da hamsin, yau miliyoyi ke bin ta. Mastanamma, wata tsohuwa a ƙauyen jihar Andhra Pradesh da ta haura shekara ɗari, tana girki a murhun itace a bakin gona, wani matashi cikin danginta da abokinsa suna ɗauka, duniya tana kallo har ta rasu a Disambar 2018. Tashar Village Cooking Channel, ta wani dattijo da jikokinsa a Tamil Nadu, an buɗe ta a 2018, ta kai mabiya miliyan 10 a 2021. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fara da ɗakin girki na alfarma. Abin da suke da shi shi ne tsohuwa ko tsoho mai ilimi, da wani na kusa mai kyamara da ya ga darajar ilimin.

Ba a ce mu ba mu fara ba. Shirin Akushi da Rufi na tashar Arewa24 ya shigar da girki da Hausa gidaje da yawa, kuma matan Kano da Kaduna da Abuja suna ta buɗe shafukan koyar da girki. Sai dai in ka duba, kek da samosa da shawarma sun fi yawa. Samosar ma daga Indiya ta zo, ta zauna daram a farantin buɗa-baki da na biki har yara suna zaton tamu ce.

Kanti a cikin tafin hannu

Ga matan unguwanni irin Mararaban Rido da Sabon Tasha da Kamazou, koyon zaƙi a waya ba nishaɗi ba ne kawai, jari ne. Mace za ta yi tuwon madara da gullisuwa da cincin, ta zuba a roba mai murfi, ta ɗauki hoto a inda haske yake, ta ɗora a WhatsApp ta rubuta akwai. Ƙawa ta gani ta tura wa ƙawa. Mai biki ko suna ta yi oda, ta tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint, ɗan acaɓa ko mai Keke ya kai. Ba hayar shago, ba barin yara. Ɗalibai da matan ma'aikata da zawarawa da yawa da wannan suke sayen sabulu da littafin makaranta, wasu ma har kuɗin haya.

Amma sana'ar tana tsaye ne a kan abubuwa huɗu da ba a hannun mai ita suke ba: sukari, madara, makamashi da layin waya. Mafi yawan sukarin da muke sha ɗanye ake shigo da shi, galibi daga Brazil, a tace a Legas, duk da tsarin bunƙasa sukari na ƙasa da aka amince da shi tun 2012 da gonakin rake na Numan da Sunti. Madara kuwa jami'an gwamnati sun sha faɗin cewa ana kashe kimanin dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da ita. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, sai kuɗin buhun sukari da na madara da na gas suka tashi tare. Mai tuwon madara ba ta iya ninka farashi ga ɗan makaranta, sai ta rage girman yanka. Wasu suka koma madarar awo mai araha, wadda sau da yawa an cire mata man shanunta an maye da man itatuwa. Mai saye yana jin bambancin a harshe, gullisuwar ma ba ta yin laushi iri ɗaya.

Layin waya ma an taɓa ganin rashinsa. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta rufe sadarwa a wasu yankuna saboda matsalar tsaro, ciki har da sassan Chikun, ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. Wadda kantinta ke cikin waya ta gane a lokacin cewa ba ita ke riƙe da makullinsa ba.

Arzikin da ke wucewa a kan titi

Abin da ya fi ba ni zafi shi ne, mai neman kayan haɗi na Indiya a manyan kantunan cikin gari tana zaune ne a bakin hanyar da kayan da suka fi su ke bi kullum.

Citta ce ta farko. Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a su ne cibiyar noman citta a Najeriya, kuma cittar nan ta yi suna a kasuwar duniya saboda yajinta da yawan manta. Indiya, wadda ta fi kowa noman citta, tana cikin masu sayen tamu. A daminar 2023 wata cutar ruɓa ta faɗa wa gonaki ta cinye mafi yawan amfanin, manoma suka rasa har iri, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Darasin da ke ciki shi ne, wanda ke sayar da busasshiyar citta a buhu kaɗai, ranar da gona ta gaza ba shi da madafa, kuma ko a shekarar albarka ribar tana wajen wanda ya sarrafa. Alewar citta, da citta da aka dafa a zuma, da nakiya mai yajin cittar Kachia, duk abubuwa ne da mace za ta iya yi a gida su yi watanni ba su lalace ba.

Sai acca, abincin gado na Atyap da Bajju da Ham da Agworok da maƙwabtansu. 'Yan Indiya suna da kheer, shinkafa da aka dafa a madara a hankali har ta yi kauri, Musulmin Pakistan da Indiya da Bangladesh kuma suna karya kumallon ƙaramar Sallah da sheer khurma, siririyar taliya da madara da dabino. Duk wanda ya taɓa shan kunun acca da madara ya san acca ta fi shinkafa dacewa da wannan aikin: ƙwayarta ƙanana, tana nuna da wuri, ba ta da nauyi a ciki. Ga zumar kudancin Kaduna da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Ga riɗi da gyaɗa da aya. Ga kurkur. Ga karas na Jos da Zariya, wanda ake gogawa a dafa da madara da man shanu ya zama gajar halwa, zaƙin hunturu na arewacin Indiya.

Madara ma tana kusa. Makiyayar Ladduga tana cikin ƙaramar hukumar Kachia, kamfanin Arla kuma ya buɗe gonar madara a Damau ta ƙaramar hukumar Kubau a 2023, a 2024 aka kafa ma'aikatar kula da dabbobi ta tarayya. Abin da Anand ta koyar shi ne a fara daga ƙasa: wurin tara madara, abin sanyaya ta, da biyan mai ita a kan lokaci. Dabarar khoa ma kanta amsa ce ga ƙasa mai zafi marar wutar lantarki, domin madarar da za ta lalace kafin yamma, in aka ƙone ruwanta aka haɗa da sukari, sai ta yi kwanaki. Ranar da mai tuwon madara a Mararaban Rido za ta riƙa sayen madarar safe daga hannun 'yar Fulani ta dafa da kanta, gida biyu ne za su ci riba, kuma mutanen da suke cin riba tare suna da dalilin kiyaye juna.

Zuma da zaƙi da harbi

Ba zai yiwu a yi wannan magana a ɓoye ɗaya gefen ba. Wani babban bincike da hukumar binciken lafiya ta Indiya ta fitar a 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 101 ne ke da ciwon sukari a ƙasar. Mu ma babu unguwar da ba a san mai shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, wato kusan giram 50, ƙaramin cokali 12, ga baligi. Gulab jamun biyu da kwalbar lemo ɗaya sun kai mutum can.

Iyayenmu sun san wannan ta hanyarsu. Alkaki da nakiya ba abincin kullum ba ne, na gara ne da suna da Sallah. Amarya takan ajiye nakiyarta a kwalla ta riƙa gutsura wa baƙo kaɗan-kaɗan har wata da watanni. Darajar abin tana cikin ƙarancinsa. Waya kuwa ba ta san lokaci ba, kullum biki take nunawa. Mai sana'a ta gari za ta rage sukari inda zai ragu, ta guji zuba kala barkatai, ta daina maimaita man suya har ya yi baƙi, ta rubuta ranar da ta yi kaya a jikin roba, in sana'a ta girma ta nemi rajistar NAFDAC. Amana ita ce jarin mai sayar da abin ci, musamman abin da yara ne suka fi saye.

Kwanon da ke tsallaka katanga

A Indiya, lokacin bikin Diwali, maƙwabci yakan aika wa maƙwabci kwalin zaƙi ko da addininsu ba ɗaya ba, ranar Idi kuma kwanon sheer khurma ya dawo. An sha ganin sojojin Indiya da na Pakistan suna miƙa wa juna kwalin zaƙi a kan iyakar Wagah ranakun bukukuwa, in dangantaka ta yi tsami kuma a dakatar, har ya zama ana gane lafiyar zaman ƙasashen biyu daga wannan kwali.

Mutanen Kaduna ba sa bukatar a fassara musu wannan. Waɗanda suka girma kafin rikicin Kaduna na 2000 suna tuna yadda yara ke yini suna kai kwano: ranar Sallah waina da alkaki da nama su tafi gidan Maman wane, ranar Kirsimeti shinkafa da cincin su dawo gidan Hajiya. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 jama'a suka rabu, wasu suka koma arewacin kogin Kaduna, wasu kudu, unguwanni irin Mararaban Rido suka ƙara cika da waɗanda suka taso daga wani wuri. Kwanon ya rage zirga-zirga saboda ƙofofin sun yi nisa. Abin da na lura da shi shi ne, odar waya tana bin tsohuwar hanyar kwanon. Mai biki a Sabon Tasha tana sayen dublan daga Tudun Wada, mai suna a Unguwar Rimi tana sayen kek daga Barnawa, ɗan acaɓa yana tsallaka gada da roba a ɗaure a bayan babur. Ciniki ne, amma daga ciniki ake gaisawa, daga gaisuwa ake tambayar lafiyar yara.

Ranar da na koma gidan yayata, na tarar an juya wayar. Maimakon ta jingina da gwangwani tana nuna matar Indiya, tana hannun yarinyar, ta saita ta kan turmi. Gwaggo ce ke haɗa nakiya. Duk abin da ta ɗebo da hannu, sai yarinyar ta ce: “Gwaggo, tsaya in auna,” ta juye a kofi ta rubuta a littafi: shinkafa kaza, man shanu kaza, citta da kanumfari da masoro da kimba kaza. Tsohuwar tana faɗa mata wadda ta koya mata, da garin da aka yi, da yadda ake gane shinkafa ta soyu daga ƙamshinta tun kafin launi ya sauya. Wannan bayanin na ƙarshe babu kofin da zai auna shi, sai dai a ji daga bakin mai shi tun tana raye. A kowane layi na Mararaban Rido, da Kachia da Kwoi da Kagoro da Kafanchan, akwai tsohuwa irinta, wata ta iya alkaki, wata kunun acca, wata maɗin ɗinya, kuma kusan kowacce tana da jika mai waya a gidan.